Ɗan zomo a sabon gida: Haƙƙin da ba ya ƙarewa da karɓar kuɗi

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin zomaye ya san cewa babu lokacin da ɗan zomo ya fi ɗaukar ido kamar sa'ad da ya kai mako 3 zuwa 4 da haihuwa. A lokacin gashinsa ya fito luf-luf, idanunsa sun buɗe, kunnuwansa sun miƙe, ga shi ɗan mitsitsi da zai zauna daram a tafin hannun yaro. A daidai wannan lokaci ne aka fi sayar da shi ko a bayar da shi kyauta a garuruwanmu, kuma a daidai wannan lokaci ne rabuwa da uwa ta fi zama masa hatsari. Shi ya sa labarin ya zama kusan iri ɗaya a gidaje da dama. Yaro zai tara kuɗin barka da Sallah, ko ya riƙa matse kuɗin tara har su taru, ya sayo 'ya'yan zomo biyu a cikin kwali. Kwana uku ana murna ana kiran abokai su zo kallo. A rana ta huɗu ɗaya ya lafe a lungu ya daina cin abinci, bayansa ya ɓaci da zawo, kafin mako ya zagayo an kwashe su duka an kai bola.

Idan haka ta faru, sai wasu su ce dama zomo ba shi da ƙarko, wasu su ce yaron ne ba shi da hannun kiwo, wasu ma su ɗora wa bakin mutane. Ni kuwa abin da nake so mu duba a wannan mako shi ne, mafi yawan irin wannan mutuwa tana da sanannen dalili, kuma tun ranar da aka miƙa kwalin nan aka riga aka shirya ta. Mai sayarwa ya raba ɗan da uwarsa kafin cikinsa ya yi ƙwari, mai saye kuma ya kai shi gidan da ba a shirya masa komai ba. Haƙƙin dabbar yana wuyansu su biyu, amma kason mai sayarwa ya fi nauyi, domin shi ya san ranar haihuwa, kuma shi ne ake zaton ya san kiwo.

Ina ganin wani ɓangare na matsalar ya samo asali ne daga irin sanin da muka gada game da zomo. Zomon da ke cikin tatsuniyoyinmu da karin maganarmu, wanda aka ce ba ya kamuwa daga zaune, wanda aka ce ba bawan giwa ba ne dawa suka tara, zomon daji ne. Wannan dabba ce mai juriya tun daga ranar farko. Uwarsa takan ɗauki ciki na kimanin kwana 42, ta haife shi a fili cikin ciyawa da gashinsa, idanunsa a buɗe, kuma ba a jima ba yake iya motsawa ya ɓuya. Zomon da muke kiwo a gida kuwa wani jinsi ne dabam, asalinsa daga yankin Sifaniya da Fotugal, kuma bambancinsu ya kai ga ba sa iya haihuwa da juna. Sunan ne kawai ya haɗa su a bakinmu, sai kama ta kunne. Wanda ya ɗauki ƙarfin halin zomon daji ya auna ɗan zomon gida da shi, ya yi awo da mudun da ba nasa ba.

Zomanyar gida takan haihu bayan kimanin kwana 31. 'Ya'yan sukan zo tsirara, idanu a rufe, kunnuwa a toshe, kowane ɗaya nauyinsa bai wuce na ƙwan kaza da wani abin kirki ba. Uwar takan tsige gashin ƙirjinta da na cikinta ta shimfiɗa musu a cikin rami ko akwatin haihuwa, domin ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu. Ba ta kwanciya a kansu kamar kaza, kuma ba ta yini tare da su kamar kyanwa. Sau ɗaya take zuwa shayar da su a kwana, wani lokaci sau biyu, kuma shayarwar ba ta wuce 'yan mintoci. Wannan ɗabi'a ce da ke hana maƙiya gane inda 'ya'yan suke, amma sau da yawa mai kiwo kan ga haka ya zaci uwar ta yi watsi da su, ya kwashe su da nufin taimako. Abin da ya sa shayarwa ɗaya ke wadatar da su shi ne ƙarfin nonon. Ya ninka na saniya kusan sau uku wajen maiƙo da sinadarin gina jiki, sukarinsa kuma kaɗan ne, har ɗan zomo kan ninka nauyinsa cikin mako guda. Saboda haka madarar gari ko ta gwangwani da ake ɗura wa marayan zomo ba ta maye gurbinsa, sau da yawa ma ita ke jawo zawon da ke kashe shi.

Idanun 'ya'yan kan buɗe a wajen kwana 10. A mako na 3 sukan fara fitowa suna ɗan tsakurar abin da uwar ke ci. A nan ne mutane ke ruɗuwa, domin da zarar an ga ɗan zomo yana taunar ganye sai a ce ai ya fara ci, ya isa sayarwa. Amma baki ya fara tauna ba shi ne ciki ya iya narkarwa ba. Zomo dabba ce da rayuwarta ta dogara ga wata babbar jaka da ke mahaɗar ƙaramin hanji da babban hanji. A cikinta ne wasu ƙwayoyin halitta masu amfani, waɗanda ido ba ya gani, ke sarrafa ciyawa su mayar da ita abinci. Abin da suka sarrafa yakan fito a matsayin wani kashi mai laushi, wanda zomo ke karɓa kai tsaye daga jikinsa ya sake haɗiyewa, galibi da dare ko da asuba, domin a cikinsa yake samun wasu sinadarai da bai samu a zagayen farko ba. Ba a haifar ɗan zomo da waɗannan ƙwayoyi. A hankali yake samunsu daga uwarsa da kashin da take bari a sheƙa, kuma sukan ɗauki makonni kafin su zauna da gindinsu. Kafin nan, nonon uwar ne ke yi masa garkuwa, domin akwai wani maiƙo a cikinsa da ke kashe miyagun ƙwayoyin cuta a tumbinsa. Idan aka yanke masa nono a mako na 3 ko na 4, an cire masa garkuwar farko tun ta biyu ba ta gama ƙeruwa ba. Wannan shi ne asalin zawo da kumburin cikin da ke ɗauke 'ya'yan zomo bayan yaye.

Wani zai ce ai manyan gonakin zomo a duniya suna yaye 'ya'ya a mako na 4 ko na 5. Haka ne. Sai dai a can ɗan da aka yaye yana nan cikin gonar da aka haife shi, tare da 'yan uwansa, yana cin abincin da ya saba da shi wanda aka auna aka haɗa musamman dominsa, ga kuma masu lura da shi da suka san alamun ciwo. Duk da haka, makonnin da ke biyo bayan yaye su ne lokacin da masu irin waɗannan gonaki suka fi fargaba. Abin da muke yi a nan ya sha bamban. Muna haɗa yaye da sayarwa a rana ɗaya. A yini guda ɗan zomo ya rasa nono, ya rabu da 'yan uwan da yake jin ɗuminsu, ya sha jijjiga a kan babur, ya sauka a gidan da bai san ƙamshinsa ba, aka kuma ajiye masa abincin da bai taɓa ɗanɗanawa ba. Ko babban zomo aka yi wa haka sai ya ji a jikinsa, balle wanda bai cika wata guda ba. A Ingila, dokar da ta fara aiki a shekarar 2018 ta hana masu lasisin sayar da dabbobin gida sayar da ɗan zomo, ko ɗan kare ko ɗan kyanwa, da bai kai mako 8 ba. Ba na cewa mu kwafo dokarsu, amma wannan adadi na mako 8 daga nazarin jikin dabbar aka samo shi, kuma cikin zomon Kano ɗaya ne da na zomon Landan.

Adalci ne a faɗi abin da ke tura mai sayarwa ga gaggawa, domin akasarinsu ba mugunta ce ke sa su ba. Zomanya na iya ɗaukar wani cikin kwana ɗaya ko biyu bayan ta haihu. Wanda ya bar namiji da mace a ɗaki ɗaya, kamar yadda yawancin samarinmu ke yi, zai wayi gari uwar ta sake haihuwa alhali 'ya'yan farko ba su wuce wata guda ba, sai ya ga babu mafita illa ya rabu da su. Ga tsadar dusa da harawa, musamman daga ƙarshen rani zuwa farkon damina, ga ƙarancin wuri. Sannan kasuwar kanta ta fi son ƙananan, domin sun fi kyan gani kuma sun fi araha. Amma idan aka yi lissafi da kyau, wannan riba ce ta ɗan lokaci. Yaron da zomayensa suka mutu cikin mako guda ba zai dawo ba, kuma abokansa goma sun ji labari. Uwar da ake tara wa ciki a kan ciki ba hutu takan rame, 'ya'yanta su riƙa zuwa ƙanana, ta gaji da wuri. Maganin abin kuwa ba wuya gare shi ba: a ware namiji a kejinsa, a riƙa kai masa macen idan lokaci ya yi, a ba ta sarari ta shayar. Idan dole ne a raba su a mako na 6, to uwar ce za a ɗauke, a bar 'ya'yan tare a inda suka saba har su cika mako 8.

To, mu ɗauka an yi haƙuri har ɗan zomo ya kai lokacin tafiya. Sauran aikin yana sabon gida, kuma makonni biyun farko su ne ma'auni. Tun daga hanya ake fara kuskure. Akwai masu sa shi cikin leda ko buhu, akwai masu rufe kwali ruf su ba direba saƙo a tasha, a jefa a but tare da kaya, mota ta yi awa biyar cikin rana. Zomo ba ya gumi kamar mutum, kuma ba ya iya sauke zafi da haki yadda kare ke yi. Ta jijiyoyin kunnuwansa yake rage zafin jiki. Ya fi jin daɗi idan zafi bai wuce digiri 20 da 'yan kai ba a ma'aunin Salshiyas. Daga 30 ya fara wahala, idan aka haura 35 rayuwarsa na cikin hatsari. Mu kuwa mun san abin da watannin Afrilu da Mayu ke yi a Sakkwato da Maiduguri da Kano, inda ake haura 40. Saboda haka da sanyin safiya ya kamata a yi tafiya da shi, a cikin abin da iska ke ratsawa, da busasshiyar ciyawa a ƙasa. Keji kuma a ƙarƙashin inuwa za a kafa shi, nesa da kwanon rufi mai ɗaukar zafi, a ɗage shi daga ƙasa saboda ɓera da gafiya da muzuru da kwarkwasa. A lokacin hunturu kuma a kare shi daga iskar da ke busowa kai tsaye.

Kuskure na biyu ƙauna ce ke jawo shi. Yaron da ya samu sabon zomo yana so ya nuna masa gata, sai ya nufi wurin mai kayan miya ya kwaso latas da kabeji da karas, a gida kuma a ƙara masa da guntun burodi da sauran tuwo. Cikin da bai saba da ɗanyen ganye mai ruwa ba, ko abinci mai yawan gari da zaƙi, nan da nan yake rikicewa, miyagun ƙwayoyi su rinjayi masu amfani. Zomo kuwa ba ya iya amai, duk abin da ya shiga sai ya bi hanya har ƙarshe. Ginshiƙin abincinsa shi ne busasshiyar ciyawa mai tsabta, irin su ingirici da harawar wake da ta gyaɗa, a bar masa ita dare da rana. Ita ce ke sa hanjinsa motsi, ita ce kuma ke rage masa haƙora, waɗanda ba sa daina tsiro muddin yana raye. A makon farko kada a ba shi komai sai abin da yake ci a gidan da ya baro. Duk wani sabon abu, ko ganyen dankali ne ko na zogale, a fara da ɗan kaɗan, iri ɗaya a lokaci guda, a ƙara a hankali cikin kwana 7 zuwa 10 ana duba kashinsa. Ganyen da aka yanko da raɓa a bar shi ya sha iska ya yi yaushi, wanda aka samo daga lambun da aka yi wa feshi kuma a guje shi, haka dusar da ta yi fumfuna.

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo, wai zomo ba ya shan ruwa, wai ruwa ma kashe shi yake yi. Wannan magana ta hallaka zomaye masu yawa. Zomo na shan ruwa sosai, kuma wanda ke cin harawa da dusa ya fi kowa buƙatarsa. Idan ya rasa ruwa yakan daina ci, idan ya daina ci hanjinsa ya tsaya. Abin da ke cutar da shi shi ne jiƙaƙƙen wuri da ƙazantaccen ruwa, domin a nan cutar koksidiyosis ke yaɗuwa, wadda masu kiwon kaji suka san irinta. Ta hanyar kashi take bi, takan kama hanji ko hanta, kuma ƙananan zomaye ta fi kayarwa. A ba shi ruwa mai tsabta a kasko mai nauyi da ba zai kifar ba, a wanke kullum, a kuma share kashi kada ya haɗu da abinci.

Sai batun ɗauka. Kusan kowa a ƙasar nan ya tashi ya ga ana ɗaga zomo ta kunne, har abin ya zama kamar ƙa'ida. Kunnen da ke cike da jijiyoyin jini, wanda da shi dabbar ke sauke zafi, ba maratayi ba ne. Ƙashin zomo kuma ba shi da kauri idan aka kwatanta da ƙarfin ƙafafunsa na baya, har yakan iya karya gadon bayansa idan ya yi harbi yana reto a sama. Hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallafi ƙugu, a manna shi a jiki, haka ake ɗaukarsa. A kwanakin farko ma gara a rage ɗaukar gaba ɗaya, a sa masa ɗan akwati ko tsohuwar tukunya da zai shige ya ɓuya. Dabba ce da a daji kowa ke farauta, don haka hannun da ya sauko mata daga sama, a wurinta shaho ne. Yara goma su kewaye shi ana miƙa shi daga hannu zuwa hannu, su a ganinsu wasa ne, shi kuwa tsoro ne da kan iya hana shi ci. Kasancewarsa abin farauta ne kuma ya sa yake ɓoye ciwo har sai ya yi nisa. Mai kiwo ya riƙa duba ƙasan keji kowace safiya. Kashi mai yawa, busasshe, mai siffar ƙwallo, alamar lafiya ce. Idan ya ragu ko ya ƙanƙance, ko aka ga zomon ya takure yana cizon haƙora, ko ya yi awa 12 bai ci komai ba, to kada a jira gobe.

A nan ne kuma ake yin kuskuren da ya fi ba ni takaici. Da an ga zawo sai a aiki yaro kemis ya sayo kafso, a buɗe a zuba a ruwa. Magungunan da ke cikin dangin fenisilin, irin su amfisilin da amoksilin da Ampiclox, idan aka ba zomo ta baki suna kashe ƙwayoyin nan masu amfani da ke cikin hanjinsa, su bar fili ga masu guba. Maganin da ya warkar da ɗan mutum ko kaza yana iya zama ajalin zomo. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Asibitin dabbobi na gwamnati yana nan a manyan garuruwanmu, kuma tambayar likita ko malamin dabbobi ta fi arha a kan sayen wani zomon.

Wanda yake da zomaye a gida tun da farko yana da ƙarin dalilin yin hattara. Akwai wata annoba ta zomaye mai sa zubar jini a cikin jiki, wadda aka fara ganowa a ƙasar Sin a 1984, wani sabon nau'inta kuma ya ɓulla a Faransa a 2010. A shekarar 2020 an tabbatar da shigowarta Najeriya, inda ta yi ɓarna a gonakin zomo a Jihar Kwara. Ba ta kama mutane, amma takan kashe zomo cikin ɗan lokaci, wani sa'in ba tare da wata alama ba sai ɗan jini a hanci, kuma tana bin takalmi da keji da abinci da ƙuda. Saboda ita da ƙazuwa da sauran cututtuka, duk sabon zomo a ware shi na aƙalla mako 2 kafin a haɗa shi da na gida. Wanda kuma zomayensa suka fara mutuwa ba dalili, kada ya yi saurin kai sauran kasuwa don ya rage asara. Wannan sayar da wuta ne ga maƙwabci.

Na san masu kiwo na ƙwarai waɗanda ke kwana da tunanin 'ya'yan zomon da suka bayar, amma kunya ta hana su tambaya, kada a ce sun yi kyauta suna bin ta da ido, ko sun sayar da kaya suna neman iko da shi. Ina ganin wannan kunya ba ta da wuri a nan. Buhun masara idan ka sayar, ka gama da shi. Abu mai rai kuwa wanda kai ka sa aka haife shi, tambayar lafiyarsa cikon amana ce. Lokacin da ya fi dacewa da tambaya ma shi ne kafin a miƙa shi. Ina za ka ajiye shi? Akwai inuwa? Wa zai kula da shi idan ka tafi makaranta? Babanka ya sani? Mai kiwo yana da damar ya ce a'a, ko ya ce je ka haɗa keji ka dawo. Idan an yi ciniki, ya ƙulla wa mai saye abincin mako guda daga irin wanda zomon ya saba da shi, ya gaya masa ranar haihuwa, ya nuna masa yadda ake ɗauka, ya kuma ce masa idan abin ya gagara a dawo da shi. Bayan kwana uku ya kira ko ya leƙa. Duk wannan ba zai ci masa kuɗin mudun dusa biyu ba.

Ga iyaye kuma, shawarata ita ce mu yi amfani da abin da muka riga muka sani a ciniki, wato kafin alƙalami. Idan yaro ya ga ɗan zomon da ya kwanta masa a rai yana mako 4, a biya wani abu a kama shi, a bar shi wurin uwarsa har ya cika mako 8. Cikin wannan wata guda yaron ya haɗa keji, ya tanadi harawa, ya riƙa zuwa yana ganin yadda mai shi ke kiwo. Ranar ɗauka, babba ya raka shi. A nemi ganin uwar da inda take kwana, a duba idanu su kasance garau, hanci a bushe, ƙarƙashin wutsiya tsaf, cikin kunne babu ɓawo. Zomo dabba ce mai son zama da 'yan uwa, don haka biyu sun fi ɗaya, amma a raba mace da namiji kafin su cika wata 3, kuma idan haihuwa ake so a nemo namiji daga wani gidan, kada a haɗa wa da ƙanwa. Mu kuma tuna cewa yaro ɗan shekara 8 ko 10 ba zai iya ɗaukar nauyin rai shi kaɗai ba. Sunan zomon nasa ne, amma alhakin yana kan babban da ya yarda aka shigo da shi gidan.

Ba na shakkar cewa wani mai karatu zai ce, ana fama da tsadar abinci da rashin tsaro, shi kuwa ya cika shafi da zancen zomo, dabbar da ƙarshenta tukunya. Amsata ita ce, tsadar abincin ce ma ta sa zancen ya zama dole. Zomo na daga cikin 'yan dabbobin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya kiwo a bayan ɗaki, da ciyawa da dusa, ba tare da ya yi gasa da bakin iyalinsa wajen hatsi ba. Zomanya ɗaya da aka kula da ita na iya haihuwa sau 4 ko 5 a shekara, kowane zubi 'ya'ya 5 zuwa 8. Ga matar aure da ke cikin gida, ko ɗalibin da ke neman kuɗin littafi, wannan jari ne. Kowane ɗan zomo da ya mutu a makon farko, nama ne da kuɗi da suka salwanta a gidan da ya fi buƙatarsu. Kasancewar ƙarshensa yanka kuma bai halatta a wahalar da shi kafin ranar ba. Malamanmu sun sha karantar da mu hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, na sahabban da suka ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu a cikin tafiya, ta zo tana kaɗa fukafukai a kansu, Manzon Allah (SAW) ya nuna rashin jin daɗinsa ya sa aka mayar mata da su. Idan an kula da damuwar tsuntsuwa a kan 'ya'yanta, ban ga yadda za a ce ta zomanya ba komai ba ce.

Akwai kuma abin da ya shafi yaron kansa. A al'adarmu, kiwo makaranta ce. Akan ba yaro kaza, ta yi 'ya'ya a sayar a saya masa akuya, daga nan ya fara sanin tattali da haƙuri da tausayi. A birane yanzu zomo da tantabara ne suka gaji wannan matsayi. Yaron da kiwonsa na farko ya mutu a hannunsa, aka kuma ce masa ba shi da hannu, zai iya yarda da maganar har girmansa. Wanda kuma ya saba ganin ana saye ana mutuwa ana jefarwa ana sake saye, ya koyi cewa rai kayan wasa ne. Babu ɗaya daga cikin darussan nan biyu da muke so 'ya'yanmu su tashi da shi.

Ilimin da ake buƙata yana nan kusa da mu. Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta daɗe tana nazari a kan zomo, ga kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi da ke Vom a Jihar Filato. Abin da ya rage shi ne wannan sani ya fito daga ofis ya iso ga yaron da ke tsaye da kwali a bakin kasuwa, cikin Hausar da zai gane, ta rediyo da makarantu da bakin malaman gona. Ƙungiyoyin masu kiwon zomo da ke tasowa a garuruwanmu kuma ba sai sun jira doka ba. Suna iya yin ittifaƙi a tsakaninsu cewa ba za a fitar da ɗan zomo ba sai ya cika mako 8, kuma duk wanda aka sayar a rubuta ranar haihuwarsa a 'yar takarda a haɗa da shi. Wanda aka san shi da haka, masu saye da kansu za su neme shi.

Kafin nan, mai kiwon da ke da 'ya'yan zomo a ɗaki yau, ya ƙirga kwanakinsu kafin ya karɓi kuɗin kowa. Uban da ɗansa ke damunsa da roƙon a saya masa zomo, ya fara tambayar ina keji, ina inuwa, ina harawa. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin abin da Ya damƙa a hannunmu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.